Motar Ɗaga Kaya Mai Yatsu: Koyon Tuƙinta da Halin Aiki a Kantunan Sito na Amurka

Da misalin ƙarfe huɗu ko biyar na asuba, lokacin da mafi yawan mutanen gari ke barci, ma'aikatan manyan kantunan sito na ƙasar Amurka sun riga sun kama aiki. Tireloli na jere a bayan gini, ƙofofin sauke kaya a buɗe, waɗansu 'yan ƙananan motoci kuma suna ta kai da kawowa tsakanin cikin tirela da lungunan kanti, kowacce ɗauke da tulin kaya a kan yatsun ƙarfe biyu da suka miƙe a gabanta. Tilas ne a gama jera kayan nan kafin a buɗe wa masu saye ƙofa. Wannan 'yar mota ita ce ake kira foklif, sunan da ta samu saboda yatsunta sun yi kama da na cokali mai yatsu. Wanda ya hange ta daga nesa yakan raina ta, domin ba ta kai ƙaramar motar shiga tsawo ba, kuma ba gudu take yi ba. Amma foklif ɗin da aka ƙera don ɗaukar kilo 2,270 nauyin jikinta kaɗai yakan kai kilo 4,000, wato kusan ninki uku na ƙaramar motar shiga.

Asalin motar da asalin kantin

A shekarar 1917 ne kamfanin Clark da ke jihar Mishigan ya ƙera wata 'yar mota don jigilar kaya a cikin masana'antarsa. Ba ta ɗaga kaya sama, amma daga gare ta abin ya faro. A 1923 kamfanin Yale ya fito da mai aiki da batir wadda ke da yatsu da tsanin ƙarfe na ɗaga kaya. Yaƙin Duniya na Biyu shi ya yaɗa ta sosai, domin sojojin Amurka sun bukaci hanyar loda jiragen ruwa cikin hanzari, ga kuma ƙarancin majiya ƙarfi. A nan ne aka rungumi falet, wato shimfiɗar katako mai ƙofofi a ƙasa inda yatsun motar ke shiga. Da zarar an ɗaure kaya a kan falet, to, sun zama dunƙule guda, mutum ɗaya na iya ɗauke su gaba ɗaya ba tare da ya taɓa ko kwali ɗaya da hannunsa ba.

Kantin sito kuwa ɗan falet ne. A 1976 wani ɗan kasuwa mai suna Sol Price ya buɗe Price Club a birnin San Diyego, cikin wani tsohon rumfar ajiye jiragen sama. Dabararsa ita ce ya haɗa sito da kanti wuri guda: a kawo kaya daga masana'anta a kan falet, a dire su a tsakar kanti yadda suke, mai saye ya ɗauka da kansa, sauran kuma a ɗora su a kan kantocin ƙarfe masu hawa-hawa a saman kan jama'a. A 1983 aka buɗe Costco a Siyatil da Sam's Club a jihar Oklahoma bisa wannan tsari, sa'an nan Price Club da Costco suka haɗe a 1993. Kantunan kayan gini irin su Home Depot, wanda ya buɗe shagunansa na farko a Atlanta a 1979, su ma haka suke ajiye kaya. Tsarin yana rage kuɗin ɗawainiya, kaya su yi araha. Sai dai ya kawo wani abu da ba a saba da shi ba: na'urar masana'anta mai nauyin tan huɗu ta shigo inda mata da yara da tsofaffi ke yawo da kekunan sayayya.

Yadda take ɗaga kaya

Ƙarfin ɗagawar yana zuwa ne daga mai. Masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, ya nuna tun ƙarni na 17 cewa idan aka matsa ruwa da ke cikin rufaffen mazubi, matsin yana isa kowane sashe na ruwan daidai wa daida. A cikin foklif, famfo ne ke tura mai cikin silinda, man kuma ya tura fistin sama. Alal misali, in faɗin fuskar fistin ya kai murabba'in santimita 50, famfo kuma ya matsa mai da ƙarfin kilo 150 a kan kowane murabba'in santimita, to, fistin zai tura da ƙarfin kilo 7,500. A kan fistin akwai gargare, sarƙa ta bi ta kansa, bakinta ɗaya a ɗaure a jikin tsani, ɗayan a jikin yatsu. Saboda haka in fistin ya hau taku ɗaya, yatsu sun hau taku biyu. Ladan wannan saurin shi ne fistin yana ɗaukar ninki biyu na nauyin kayan.

Ɗaga kaya ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne motar ta tsaya da ƙafafunta bayan ta ɗaga.

Sikeli da alwatika

Foklif sikeli ce mai hannu biyu. Tayoyin gaba su ne madogara. Kaya na gabansu, jikin motar na bayansu. Shi ya sa ake liƙa mata wani ƙaton curin ƙarfe a baya, in kuwa mai batir ce, batirin kansa na cikin abin da ke danne ta. Duk ɗalibin da ya yi darasin sanda da madogara ya san cewa ba nauyi kaɗai ake dubawa ba, har da nisansa daga madogara. Ƙaramin yaro na iya rinjayar babba a kan katakon lilo in ya zauna can ƙarshe, babban kuma ya matso tsakiya.

Ga misali na lissafi. A ce an rubuta a jikin mota cewa tana ɗaukar kilo 2,000 idan cibiyar nauyin kayan tana santimita 50 daga gindin yatsu, kuma daga gindin yatsu zuwa tsakiyar tayoyin gaba santimita 40 ne. Nisan kaya daga madogara ke nan santimita 90. In aka ninka 2,000 sau 90 za a sami 180,000, wannan ita ce iyakar abin da aka yarda a ɗora mata. To, sai aka kawo dogon akwati wanda cibiyar nauyinsa ke santimita 100 daga gindin yatsu. Nisa ya zama 140. In aka raba 180,000 gida 140, za a sami kilo 1,285 da 'yan kai. Ashe motar da ake kira "mai tan biyu" ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta don kawai kayan sun yi tsawo. Direban da bai san wannan ba zai ɗauki akwati mai kilo 1,800 hankalinsa kwance, sai kawai ya ji tayoyin baya sun bar ƙasa, sitiyari ya daina jin magana. Domin haka ne kowace foklif ke da ɗan allon ƙarfe a jikinta mai nuna nauyi da nisa da tsawon da aka yarda, kuma karanta allon nan yana cikin darussan farko.

Abu na biyu ya fi wannan ɓuya. Ko da yake motar na da taya huɗu, a kan wuri uku take tsaye. Sandar da ta haɗa tayoyin baya an maƙala ta ne a jikin motar da ƙusa guda a tsakiya, don ta riƙa lilo in ƙasa ba daidai take ba. In aka ja layi daga tayar gaba ta dama zuwa ta hagu, daga kowacce kuma zuwa ƙusar nan ta baya, za a sami alwatika, faɗinta a gaba, tsininta a baya. Muddin cibiyar nauyin mota da kayanta tana cikin alwatikar nan, mota na tsaye. Ranar da ta fita, mota ta kife. Ɗaga kaya sama yana ɗaga cibiyar nauyi, ta yadda ɗan karkata kaɗan, ko rami, ko guntun katako a ƙasa, ya isa ya fitar da ita. Shan kwana da gudu yana tura ta gefe, taka birki da ƙarfi yana tura ta gaba. Abin mamaki, motar da ba ta ɗauke da kome ta fi saurin faɗuwa ta gefe, saboda cibiyar nauyinta ta koma baya, wajen da alwatikar ta tsuke. Sababbin direbobi kuwa a lokacin nan ne suka fi sakin jiki su yi gudu.

Koyon tuƙi

Wanda ya iya tuƙin mota yana zuwa da ɗabi'un da sai an kankare su. Foklif da tayoyin baya take juyawa, don haka gabanta na nan kusan wuri guda, bayanta ne ke yin shara. Ɗan koyo yakan zuba ido a kan yatsu, bai ankara ba curin ƙarfen baya ya daki ƙafar kanta ko ya matse mutum da bango. Ga kuma sanduna uku ko fiye a gefen sitiyari: ta ɗagawa da saukewa, ta karkata tsani gaba ko baya, da ta gusar da yatsu dama ko hagu. Sai hannu ya san su ba tare da ido ya duba ba, domin ido na can sama yana auna ƙofar falet da ke mita huɗu ko biyar daga ƙasa.

A Amurka, hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata da ake kira OSHA, wadda dokar 1970 ta kafa, ita ce ta tsara yadda koyon zai kasance. Ƙa'idar da ta fitar a ƙarshen 1998, ta fara aiki a 1999, ta raba shi gida uku: darasi na baki ko na karatu, sa'an nan gwaji a kan motar a gaban gwani, sa'an nan a auna mutum a ainihin wurin da zai yi aiki. Gwamnati ba ta ba da lasisin foklif. Mai kamfani ne ke da alhakin horar da ma'aikacinsa, ya kuma ajiye shaida mai ɗauke da sunansa da ranar horo da ranar gwaji da sunan wanda ya gwada shi. Saboda haka takardar da mutum ya saya bayan ya kalli darasi a intanet ba ta mai da shi direba ba. Kashi ɗaya ne kawai cikin uku. Ana sake auna kowane direba aƙalla sau ɗaya a shekara uku, kuma ana mai da shi horo in ya yi haɗari, ko ya kusa yi, ko an gan shi yana tuƙin ganganci, ko an ba shi wata irin mota dabam. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a kantin sito, inda akwai wadda ake tuƙawa a zaune, da wadda ake tuƙawa a tsaye mai miƙa yatsu cikin kanta, da wadda ke ɗaga direban kansa sama tare da kaya, yana ɗaure da igiyar kariya. Har ila yau doka ta hana wanda bai kai shekara 18 ba tuƙa foklif a irin waɗannan wurare. A Ingila ma kusan haka tsarin yake, inda horon farko na wanda bai taɓa hawa ba yakan ɗauki kwana uku zuwa biyar.

Kowace rana kafin a fara aiki sai direba ya zagaya motar: taya, sarƙa, yatsu ko sun tsage, yoyon mai, birki, ham, fitila. In ana aiki dare da rana, kowane rukuni sai ya sake dubawa. A kan hanya, yatsu na ƙasa-ƙasa, kamar santimita 10 zuwa 15 daga daɓe, tsani a karkace baya. In kaya sun tare gaba, da baya-baya ake tafiya. A gangara, in akwai kaya, kayan ne ke fuskantar tudu, ko hawa ake yi ko sauka. Ana barin tazarar tsawon mota uku tsakanin foklif da 'yar'uwarta, ana danna ham a kowace mahaɗar lungu. Ba a ɗaukar fasinja, ba a barin kowa ya bi ta ƙarƙashin yatsu, ko da babu kaya a kansu.

Darasin da ya fi wuyar shiga shi ne wanda ya saɓa wa tunanin ɗan Adam. In motar zaune ta fara kifewa, zuciya cewa take yi a yi tsalle. Amma wanda ya yi tsalle yakan faɗa ta gefen da motar ke faɗuwa, rufin ƙarfen da aka yi don kare kansa daga faɗowar kaya ya danne shi da ƙasa. Abin da ake koyarwa shi ne ya zauna daram da ɗamarar kujera a ɗaure, ya riƙe sitiyari gam, ya dafe ƙafafunsa, ya karkata jikinsa ya bar gefen da ake faɗuwa. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta bi diddigin mutum 1,021 da foklif ta yi ajalinsu daga 1980 zuwa 1994. Kashi 22 cikin ɗari kifewar mota ce, kashi 20 masu tafiya a ƙasa ne aka buge, kashi 16 motar ce ta matse su, kashi 9 kuma faɗowa suka yi daga kanta. A gargaɗin da cibiyar ta fitar a 2001 ta ce kusan ma'aikata 100 ke mutuwa a kowace shekara a wancan lokaci, wasu 20,000 kuma su ji mummunan rauni.

Halin aiki a cikin kanti

Direban foklif a kantin sito ba direba ne kawai ba. In ya sauko, shi ne mai yanke ledar da aka naɗe falet da ita, mai jera kwalaye, mai tattara fanko. Yini ake yi a kan daɓen siminti. NIOSH ta ɗauki kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya kamata mutum ya ɗaga da hannu, shi ma in kome ya daidaita: kayan na kusa da jiki, babu murɗa ƙugu, ba a kuma maimaitawa akai-akai. A kanti da wuya kome ya daidaita, don haka ciwon baya da na kafaɗa su ne abokan aikin. Shi kansa zaman motar yana da nasa: ba ta da abin rage girgiza irin na motar titi, tayoyinta sau da yawa na roba ne zalla ba iska, duk wani gurbi da ke ƙasa sai ƙashin baya ya ji shi, ga wuya a murɗe saboda yawan tafiya da baya.

Bakin ƙofar sauke kaya ya fi ko'ina haɗari. Shiga da fitar foklif yana tura tirela gaba kaɗan-kaɗan har rata ta buɗe tsakaninta da dandamali, ko kuma direban tirela ya ja motarsa yana zaton an gama. Shi ya sa ake sa wa tayoyin tirela waigi ko a kama ta da ƙugiyar ƙarfe. Iskar da ake shaƙa ma abin lura ce. Mota mai ƙona gas tana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. A cikin rufaffiyar tirela ko ɗakin sanyi tana taruwa da sauri. Wannan na cikin dalilan da suka sa kantuna suka fi son mai batir. Ita ma ba a bar ta haka ba: batir mai darma da asid yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda ke kama wuta in ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki.

Sa'an nan ga masu saye. Ma'aikacin sito an koya masa ya kauce wa foklif. Mai saye kuwa idonsa na kan farashi, ɗansa na guje-guje. Falet ɗin da ake turawa a saman kanta yana iya ture na bayansa ya faɗo a lungu na gaba, inda direba ba ya gani. Bayan an yi asarar rayukan waɗansu masu saye ta wannan hanya a wajejen 1999 da 2000, jihar Kalifoniya ta yi doka a 2001 cewa duk kayan da aka ajiye sama da ƙafa 12 a irin waɗannan kantuna sai an tsare su daga faɗowa. Manyan kantuna kuma suka ɗauki al'adar rufe lungun da ake aiki da na bayansa da shinge, a sa wani ma'aikaci ya riƙa tafiya gaban motar yana buɗe hanya, ko kuma a bar aikin sama sai kanti na rufe. Wannan ne ya sa aikin ya koma na asuba da na tsakar dare, da duk abin da hakan ke jawowa na ƙarancin barci.

Duk waɗannan ƙa'idoji lokaci suke ci, lokaci kuwa shi ne abin da manaja ba ya da shi. Rufe lungu biyu da neman mai rakiya don sauko da falet ɗaya na iya cin minti goma, ga mai saye tsaye yana jira, ga tirela na gaba ta iso. A nan ne ake gane kantin da ke da gaskiya a batun kariya: shin ana tsawata wa wanda ya tsallake ƙa'ida, ko kuwa wanda ya yi jinkiri don ya bi ta? Horon kwana uku ba ya tsayawa gaban shugaban da kullum agogo yake dubawa. A 2021 Kalifoniya ta yi wata doka da ta tilasta wa manyan wuraren rarraba kaya su bayyana wa ma'aikaci adadin aikin da ake bukata gare shi a rubuce, ta kuma hana adadin da zai hana shi hutu ko zagayawa. A 2023 OSHA ta ƙaddamar da shirin bincike na musamman a kan sito-sito, ta haɗa da kantunan da ake yawan jin rauni a cikinsu.

Albashi ya bambanta ƙwarai daga kamfani zuwa kamfani. Mafi ƙarancin ladan da gwamnatin tarayya ta yanka a 2009 dala 7.25 ne a awa, alhali Costco ya mai da nasa mafi ƙaranci dala 17 a 2021. Waɗansu rassan Costco, musamman waɗanda ya gada daga Price Club, ma'aikatansu na cikin ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters; kimanin 18,000 daga cikinsu sun yi shirin yajin aiki a farkon 2025, aka daidaita kafin a tsunduma. Sabon ma'aikaci sau da yawa da aikin wucin gadi yake farawa, awoyinsa na hawa a watannin Nuwamba da Disamba lokacin cinikin ƙarshen shekara, su sauka a Janairu. Iya foklif na cikin abubuwan da ke fitar da mutum daga wannan rukuni, domin kanti ba ya buɗewa sai an sauke kaya, kuma ba kowa aka yarda ya hau motar ba.

A Nijeriya kantin sito irin na Amurka bai yaɗu ba, amma motar ta daɗe da zuwa. Tana aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa, da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, da tashoshin tsandauri na Kaduna da Dala waɗanda aka buɗe a 2018 da 2023. A kasuwar Dawanau kuwa har yanzu a bayan 'yan dako buhu mai kilo 100 ke hawa tirela, wato fiye da ninki huɗu na kilo 23 ɗin nan. Da dama daga cikin foklif ɗin da ke shigowa ƙasar na hannu ne, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar allon nauyinta ya goge, ko an canza mata yatsu da waɗanda suka fi na asali tsawo. Wanda aka miƙa wa makullin irin wannan mota, kafin ya ɗauki falet na farko, yana bukatar a nemo masa adadin da ke kan allon daga littafin kamfanin da ya ƙera ta, sa'an nan ya auna tsawon kayan da zai ɗauka ya sake lissafin da kansa.